Sheƙa a Bututun Hayaƙi

Asabar, 5 ga Shawwal 1387, bayan La'asar

Sanyi ya sauka jiya, irin wanda ban taɓa gani a Makka ba tun da muka zo. Azumi ya wuce lafiya lau, har a soro muke kwana, sai ga shi kwana huɗu da Salla iska ta juyo daga wajen Ɗa'ifa kamar aiko ta aka yi. Littafin nan na awon bututu ne, amma tunda matata Saudatu ta ce na ishe ta da mita, bari in riƙa zuba mitar a nan.

Na wuni a ribaɗin Misfala, gidan wakafin tsofaffin mata inda Inna Hure, mahaifiyata, take zaune shekara goma sha ɗaya. Ni ke kula da famfunan gidan. Na naɗe bututun da ya sauko daga tankin soro da tsofaffin buhuna, na ɗaure da igiya. Hajiya Baraka, wadda ɗakinta ke jikin na Inna, ta riƙe ƙugu tana kallona.

"Mukhtaru, bututun ma riga ka sa masa? Ruwa ya daskare a Makka? Ai da mu ka fara, mu da ba mu da bargo."

Na ce mata na yi aiki a kan dutsen Ɗa'ifa, na ga bututun ƙarfe ya tsage kamar rake saboda ruwan cikinsa ya zama ƙanƙara. Ta ce to wannan Ɗa'ifa ke nan. Gaskiyarta, amma ban gaya mata ba.

Gobe zan kunna tukunya. Da hannuna na haɗa ta shekara uku da suka wuce: gangar ƙarfe, murhu a ƙarƙashinta, bututun hayaƙi ya bi ta cikin bangon ɗakin Inna kafin ya fita soro. Da gangan na bi da shi ta nan. In wuta ta kama, ruwan alwala ya yi ɗumi, bangon da take jingina ya yi ɗumi, tarinta ya kwanta. A Atbara ta ƙasar Sudan na koyi sana'ar wajen masu jirgin ƙasa, kuma har yau ban haɗa abin da ya kai wannan ba.

Lahadi, 6 ga Shawwal, da hantsi

Na kunna. Hayaƙi ya ƙi hawa, ya dawo mini a fuska, ya cika tsakar gida, tsofaffi suka fito suna tari suna tsine wa tukunyata. Na kashe wutar da sauri. In hayaƙi ya dawo, sama ce ta toshe, ba wani abu ba. Zan hau in gani.

Lahadi, bayan Azahar

Sheƙa ce. Tantabarar Harami ta shiga ƙarƙashin hular bututun ta yi gini, tsinke a kan tsinke har ta rufe bakin ruf. Ƙwai biyu a ciki. Uwar na kan katanga tana kallona da ido ɗaya, Allah ya so wutar ba ta daɗe ba, ina matsawa ta koma ta kwanta.

Laifina ne. Tun bara na ce zan sa waya a bakin hular, ban sa ba.

Wautar da na yi ita ce gaya wa Inna. Da na yi shiru na tattara abin na zubar, wa zai sani? Amma baki ya riga ni. Tana zaune ta lulluɓa da mayafi biyu, ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Tsoho," ta ce. Haka take kirana, don sunan surukinta na ci. "Kada hannunka ya taɓa su."

"Inna, matsar da su kawai zan yi."

"Ko inci ɗaya. Shekara bakwai na yi a hanya da kai a bayana da gabana. Na binne ubanka kafin mu shiga Sudan, na binne 'yar'uwarka Hajara a Sawakin, bakin teku. Ban yi wannan tafiya don in zo garin Allah in fasa ƙwan baƙinsa ba. Su ma mafaka suka nema, kamar mu."

Na ce sanyin fa? Ta ce sanyi bai taɓa kashe wanda kwanansa bai ƙare ba. Tana faɗa tana tari.

Litinin, 7 ga Shawwal, bayan Asuba

Ruwan tanki kamar wuƙa. Da shi Inna ta yi alwala kafin in iso.

Talata, 8 ga Shawwal, bayan Magariba

Na je wurin Malam Tijjani, mai karantar da mutanenmu a Harami. Na jira har almajiransa suka watse, sannan na matsa na faɗa masa.

"Tsuntsun Harami ba a kashe shi, ba a korarsa daga inda ya zauna, ba a taɓa ƙwansa," in ji shi. "Wanda ya halaka ɗaya, dabba ɗaya ce a kansa, akuya ko tunkiya, a yanka a ba miskinai."

"Allah gafarta Malam, in lalura ce fa?"

"Lalura tana da hukuncinta. Amma ka tabbata lalura ce, ba gaggawa ba. Kai ba mai sana'a ba ne? Nemo wa hayaƙin wata hanya."

Daga nan na wuce wajen Abdulganiyyu, nazirin gidan, wato mai kula da wakafin, in nemi izinin huda bango a fitar da sabon bututu ta gefe. Ya ba ni shayi, ya tambayi lafiyar Inna har sau uku, sannan ya ce, "La, la, ya usta, a'a, mai sana'a. Bangon wakafi ne. Sai na rubuta, sai an amsa." Na ce yaushe? Ya ce bayan Hajji, in sha Allah. Bayan Hajji! Lokacin da ko kwance kake gumi na zuba. Na fito raina a ɓace, shayin ma ban shanye ba.

Laraba, 9 ga Shawwal, bayan La'asar

Na cire gwiwar bututun daga ƙasa, na haɗa wani guntu ya fita tsakar gida. Tsakar gidan nan kamar rijiya take, hayaƙin ya rasa inda zai bi, ya shiga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya yi ɗumi, amma bangon Inna na nan da sanyinsa, tunda ba ta cikinsa hayaƙin ya bi ba. Hajiya Baraka ta ce in kashe su nake so in faɗa, su yi wasiyya. Na kwance, na mayar yadda yake.

Na sayo daffaya, abin ɗumama ɗaki mai kananzir. Minti goma ba ta yi a ɗakin ba ƙirjin Inna ya shaƙe, na fitar da ita.

Alhamis, 10 ga Shawwal, bayan Azahar

Saudatu ta zo da kanta ta roƙe ta. "Ya Inna, ta'ali, ki zo unguwarmu Rusaifa ki zauna da mu, ɗakin yara yana da ɗumi. Bas, kwana ashirin kawai." Inna ta ce daga Rusaifa ba a jin kiran sallar Harami, kuma ba ta san ranar da za a kira ta ba, tana so a same ta kusa. Saudatu ta dube ni kamar ni ne zan iya. Shekara arba'in da shida ban taɓa cin gardama da matar nan ba.

Yanzu kullum da asuba ina ɗora mata buta a kan risho. In na makara, ba ta jira. Na ce ta yi taimama, an yarda wa mara lafiya, ta ce ita ba mara lafiya ba ce.

Kafin in tafi ta kwance bakin mayafinta, ta ba ni alkama ɗan dunƙule. "Ka kai wa baƙina." Na hau na kai. Ni da na zo korarsu, ga ni ina kai musu abinci.

Asabar, 12 ga Shawwal, da hantsi



Na iso bayan Asuba na tarar da ƙofar Inna a rufe, an cusa tsumma a ƙarƙashinta. Na buga, shiru. Na sa kafaɗa. Taga ma an toshe ta da tsumma, kowace kafa an bi an liƙe, ga kaskon gawayi a tsakiyar ɗaki da sauran garwashi. Hajiya Baraka na jingine da bango tana lumshe ido kamar mai maye. Inna na kwance, na kira ta ba ta amsa ba.

Na ɗauke ta na fito da ita tsakar gida. Ba ta fi buhun auduga nauyi ba, ban san ta rame haka ba. Na yi ta fifita ina kiran sunanta, sunan da ban taɓa kira a gabanta ba. Da ƙyar ta buɗe ido, ta yi amai, ta ce kanta zai tsage.

Kaskon na yi wurgi da shi har ya fashe. Na yi wa Hajiya Baraka tsawa, mace sa'ar uwata. Na ce gawayi yana da wani hayaƙi da ba a gani, ba a jin warinsa, in an rufe ɗaki sai dai a tarar da gawa, na sha faɗa musu. Ta fashe da kuka.

"Haƙoranta ne ke haɗuwa, Mukhtaru, ta bango nake jiyo su. Me kake so in yi? Kai ka hana mu wuta, tantabara ta hana mu wuta. A gida haka muke yi."

A gida ɗakin ciyawa ne, iska na shiga ta ko'ina. Nan dutse ne da siminti. Na ba ta haƙuri daga baya, amma na kwashe duk kaskon da ke gidan na kulle a ɗakin tukunya. Na ji tsoro yau, tsoron da ban ji ba ko a cikin jirgin ruwan da ya tsallako da mu.

Lahadi, 13 ga Shawwal, bayan Asuba

Iska ba ta kwanta ba.

Litinin, 14 ga Shawwal, bayan La'asar

Sun ƙyanƙyashe. 'Yan shila biyu, tsirara, munana, baki ya fi kai girma. Na tsaya ina lissafi a kan soro. Kafin su yi fiffike su tashi, wata guda. Wata guda.

Da na gaya wa Inna sai ta yi murmushi, na farko tun ranar Asabar. Ta ce, "Ka gani? Da ka taɓa su fa?" Ta ƙara mini alkama. Yanzu da na shigo, kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, "Yaya baƙina?"

Nonon akuyarta Kyalla kaɗai take iya sha. Ita ta rene ta tun tana 'yar ƙarama a bayan ɗakinta, kuma ba ta yarda kowa ya tatse ta. Yau ta bar wa Hajiya Baraka.

Laraba, 16 ga Shawwal, bayan Azahar

Zazzaɓi ya kama Inna. Na ɗauko likita, wani Bamisre mai sauri kamar ana korarsa. Ya sa abin jin ƙirji, ya daɗe a bayanta, ya yi mata allura. A zaure ya ce mini sanyi ya shiga huhu, allura za ta yi nata, amma in ɗakin ya ci gaba da zama haka ba ya ɗaukar alkawari. Ya dafa bangon, ya janye hannu, ya ce, "Wannan ɗaki ne ko tulu?" Ta yaya zan gaya wa mutum cewa akwai murhu a bayan bangon nan, ga itace a jibge, ga wanda ya haɗa shi a tsaye a gabansa?

Alhamis, 17 ga Shawwal, bayan Magariba

Wani direba da ya sauko daga Ɗa'ifa ya ce bututu sun fashe a can, mutane suna barin famfo yana ɗiga don kada ruwan ya tsaya ya daskare. Nan nawa suna lafiya cikin rigunansu. Ƙarfe na rufa wa asiri, uwata na kasa.

Ba ta tashi sallar La'asar ba, a kwance ta yi. Duk da haka ta ce, "Yaya baƙina?"

Juma'a, 18 ga Shawwal, bayan saukowa daga masallaci

Na yi ɗawafi, tantabaru na ta sauka a gabana, ina kauce musu. Ban roƙi komai a kansu ba. A kanta na roƙa.

Na samo garwar kananzir, na wanke ta da toka sau uku har warin ya fita. Na yanke gefe ɗaya, na lanƙwashe bakin don kada ya yanki wani abu, na shimfiɗa buhu a ciki. Na sayo waya. Saudatu ta tambaye ni na mene ne, na ce aiki ne. Ta dube ni, ta ce, "Allah yistur, Allah ya rufa asiri," ta shige ɗaki.

Malam ya ce in tabbata lalura ce. Wa zai tabbatar mini?

Asabar, 19 ga Shawwal, da hantsi

Na hau. Na sauko.

Asabar, bayan Azahar

Na zura igiya da ƙwallon tsumma, na goge bututun tun daga sama har ƙasa, baƙin da ya fito ya cika kwano biyu. Na ɗaure waya a bakin hula. Wuta ta kama da ashana ɗaya, tana ja kamar jirgi, ko ɗigon hayaƙi bai dawo ba. Kafin La'asar bango ya yi ɗumi.

Garwar na jikin katanga, da sheƙar da 'yan shilan a ciki, taku biyu daga inda suke da. Taku biyu ne kawai. Na juya bakinta baya ga iska, na zuba alkama a gaba.

Na kai wa Inna ruwan a buta. Na shirya abin da zan ce tun daga matakala. Ta miƙo hannu, na zuba, ta yi alwala, ta jingina bayanta da bangon, ta rufe ido. Ba ta ce komai ba.

Lahadi, 20 ga Shawwal, bayan Asuba

Uwar 'yan shilan na zaune a kan waya, cikin hayaƙi. Ta tashi, ta zaga, ta dawo kan waya. Ba ta ko dubi garwar ba. Na tura alkamar har ciki. Na ja baya na ɓoye bayan tanki kusan awa guda.

Wuta na ci da kyau.

Litinin, 21 ga Shawwal, bayan La'asar

Ban hau ba. Itace ya kusa ƙarewa, na yini neman itace.

Talata, 22 ga Shawwal, da hantsi

Na hau. Na sauko da su a ƙunshe cikin hankicina, ba mai motsi. Na bi ta bayan gida zuwa gindin dutse, inda ƙasa take da laushi. Hankicin ban dawo da shi ba.

Laraba, 23 ga Shawwal, bayan Azahar

Zazzaɓi ya sauka. Ta sha kunu rabin kwano. Likita ya zo, ya dafa bango, ya ce, "Aiwa, haka ake so." Tsofaffi sai sa mini albarka suke, Hajiya Baraka ta yi wanka da ruwan zafi ta fito tana cewa tukunyar Mukhtaru ko a gidan sarki sai haka. Ba wadda ta tambaye ni yadda aka yi. Gidan da ko allura ta faɗi sai an yi taro a kanta.

Juma'a, 25 ga Shawwal, bayan La'asar

Kwana shida ba ta ce "yaya baƙina" ba. Ba ta ba ni alkama ba. Na gwammace ta zage ni. Kullum in na shigo sai in tsaya a bakin ƙofa ina jiran tambayar, na riga na ƙulla ƙaryata: sun yi fiffike da wuri, sun tashi. Ita da ta yi kiwon tantabaru tun tana yarinya, ita zan gaya wa ɗan shila ya tashi a kwana biyar.

Na ga Malam Tijjani a ƙofar masallaci, na sauya hanya.

Asabar, 26 ga Shawwal, bayan Asuba

Uwar ba ta zo kan waya ba yau.

Litinin, 28 ga Shawwal, bayan Magariba

Inna ta tashi tsaye ta yi salla. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma abinci ba ya wuce mini. Saudatu ta ce, "Khalas, ya isa haka, ya Mukhtar, ka yi abin da ya dace, ka yanka abin yankawa ka huta." Ba yankan ne ya dame ni ba. Matar nan ta tsallake ƙasa bakwai da abu ɗaya a hannunta, cewa ba ta taɓa saɓa wa garin nan ba, ni kuma na karɓe shi ba ta sani ba, na mayar mata da ruwan ɗumi.

Laraba, 1 ga Zulƙida, bayan La'asar

Iska ta kwanta. Na kwance buhunan bututu ɗaya, sauran sai gobe.

Da na shiga gidan na tarar da Inna a tsakar gida, zaune a kan tabarma cikin rana, igiyar Kyalla a hannunta. Ta yi mata wanka, ta shafa mata lalle a goshi. Sauran tsofaffin duk sun shige ɗakunansu, har Hajiya Baraka.

"Zauna, Tsoho."

Na zauna.

"Su biyun duka?"

Na ce, "Duka, Inna." Ƙaryar da na yi kwana goma ina ƙullawa ban san inda ta shiga ba. Na fara ba ta labarin garwar, da buhun da na shimfiɗa, da taku biyun, ta ɗaga mini hannu.

"Tun ranar Asabar ɗin na sani. Ina kwance na ji takunka a soro, na ji kukan uwarsu. Muryata na nan, ba ta tafi ko'ina ba. Da na kira ka, da ka sauko, ai ka san da ka sauko."

Na ce zazzaɓi ne ya hana ta.

"Ba zazzaɓi ba ne. Sanyi nake ji, Tsoho. Na gaji da shi. Na yi shiru ina jira bangon ya yi ɗumi, da ya yi kuma na ji daɗinsa. Kwana goma sha ɗaya ina alwala da ruwan nan, kowace rana ina cewa yau zan yi maka magana, sai in ji kunya. Ba kunyarka ba."

Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko a Sawakin. Yau ma ba ta bari sun zubo ba, ta goge da bakin mayafi, wurin da take ƙulla alkama.

Na ce ta bar akuyarta, nononta take sha, ni zan sayo biyu a kasuwa gobe, ni na hau soron, ni na sa hannu. Ta kamo hannun nawa ta danƙa mini igiyar, ta matse yatsuna a kai da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Ɗaya za ka sayo," ta ce. "Ai su biyu ne. Ɗaya naka, ɗaya nawa."

Gobe bayan Asuba zan kai su mayanka.